Sallama kafin shiga: yadda Amurka ta fara tilasta a sanar da ita kafin a kai mata abinci

1/ Zaren yau na tarihi ne, amma irin tarihin da ke taɓa aljihu. Duk mai fitar da zoɓo, citta ko riɗi zuwa Amurka, da mai sayar da yaji da garin kuka ta Instagram yana aika wa kwastomomi a Houston ko Bronx, akwai wata doka da ke jiransa a bakin ƙofa. Da yawa ba sa jin labarinta sai ranar da aka riƙe musu kaya. Ku gyara zama 🧵

2/ Dokar ita ce: ba a kai wa Amurka abinci, na mutum ko na dabba, sai an riga an sanar da hukumarsu ta kula da abinci da magunguna, wato FDA, cewa ga abin da ke tafe. Prior Notice suke ce mata. Ni dai sallama nake kiranta. Ka yi sallama kafin ka ɗaga labule.

3/ Sallamar tana da lokaci. Kayan da za su shiga ta mota, awa 2 kafin su iso iyaka. Ta jirgin sama ko jirgin ƙasa, awa 4. Ta jirgin ruwa, awa 8. Ta gidan waya kuwa, tun kafin a miƙa ƙunshin.

4/ Waɗannan awannin sai da aka yi ja-in-ja a kansu kafin a tsayar da su. Abin da zai ba ku mamaki, abin da ya haifi dokar wasiƙu ne, ko loma ɗaya ta abinci babu a cikin maganar. Bari dai mu faro daga baya.

5/ Amurka ta daɗe tana duba abin da ake shigo mata da shi. Tun 1848 majalisarta ta yi dokar duba magungunan da ake saukewa a tashoshin ruwa, bayan an gane ana jibge musu gurɓatattu daga waje. A 1897 aka yi wa ganyen shayi dokarsa shi kaɗai. Har kwamitin ƙwararru gwamnati ta kafa, aikinsu su ɗanɗana shayi su fitar da mizanin da za a riƙa gwada na waje da shi.

6/ Wannan kwamiti na masu kurɓar shayi bai mutu ba sai 1996. Shekara 99 ana kurɓa da sunan gwamnati 😅

7/ Babbar dokar abinci ta farko ta zo a 1906. Wani masanin sinadarai a ma'aikatar gona, Harvey Wiley, tun 1902 yake ciyar da matasa 'yan sa-kai abinci mai sinadaran hana lalacewa don a ga abin da suke yi wa jiki. Sai ga littafin Upton Sinclair ya tona ƙazantar mayankan Chicago, mutane suka ji nama ya fita ransu. Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu ranar 30 ga Yuni 1906.

8/ A 1937 wani maganin ruwa ya kashe mutum sama da 100, da yawa yara, saboda an narka shi da sinadari mai guba. Irin sinadarin nan ne ya kashe yara a Najeriya a 2008 cikin maganin haƙori, ga masu tunawa. Wannan ya jawo dokar 1938, wadda har yau a kanta FDA ke tsaye.

9/ Akwai wani abu a dokar 1938 da ya kamata mai fitar da kaya ya sani. A bakin iyaka, ba sai FDA ta tabbatar kayanka gurɓatattu ne ba kafin ta hana su shiga. Ya isa a ce "da alama" gurɓatattu ne. Daga nan kai ne za ka kawo hujjar cewa lafiyarsu ƙalau.

10/ To amma duk waɗannan dokokin suna da ɓaraka guda. Labarin kaya bayan kaya yake zuwa. Jirgi ya tsaya, dillalin kwastan ya shigar da takardu, sannan FDA ta ji, wani lokaci kwanaki bayan isowarsu. Kamar baƙo ne ya riga ya zauna a kan tabarma sannan ake tambayarsa daga ina.

11/ Ga kaya kullum ƙaruwa suke, ma'aikata ba sa ƙaruwa. Ofishin binciken majalisa, GAO, ya fitar da rahoto a 1998: a 1992 FDA tana duba kusan kashi 8 cikin 100 na abincin da ake shigowa da shi, zuwa 1997 abin ya faɗo kashi 1.7.

12/ Yanzu ga labarin da a ganina shi ya fi bayyana dalilin dokar, duk da ya riga ta da shekara 13. Maris 1989. Wani da bai faɗi sunansa ba ya buga waya ofishin jakadancin Amurka a Santiyago, babban birnin Chile, ya ce an sa guba a 'ya'yan itatuwan da ake kai wa Amurka.

13/ Ku tuna, a lokacin sanyin Amurka, Chile ce ke ciyar da ita inabi, don lokacin su suna bazara. Jirage na ta sauke kaya a Filadelfiya. Ma'aikatan FDA suka shiga buɗe akwatuna, ɗaya bayan ɗaya, har suka ci karo da ƙwayar inabi biyu masu alamar huda. Ɗakin gwaji ya ce akwai gubar sayanayid a jikinsu, kaɗan ƙwarai, wadda ba ta kai ta kwantar da ko yaro ba.

14/ Ƙwaya biyu fa. Ba reshe biyu ba, ba akwati biyu ba.

15/ Me FDA ta yi? Ta tsare duk 'ya'yan itatuwan Chile, ta ce wa jama'a su zubar da na gidajensu. Kantuna suka kwashe nasu. Kanada da Japan suka bi sahu. Bayan 'yan kwanaki aka fara sassautawa, amma inabi ba ya jira. Chile ta ƙiyasta asararta sama da dala miliyan 300, dubban ma'aikatan gona suka zauna a gida. Ba a ƙara samun ko ƙwaya ɗaya mai guba ba.

16/ 'Yan kasuwar Chile sun kai ƙara kotun Amurka, ba su ci ba. Har gobe akwai masu cewa a ɗakin gwajin aka yi kuskure. Wannan ba shi ne ya dame ni ba. Abin lura shi ne hukumar ba ta da wani makami sai rufe ƙofa gaba ɗaya. Ba ta san tun da wuri wane jirgi ya ɗauko na wace gona ba, balle ta ware na wani ta bar na wani.

17/ Kafin nan ma an taɓa yin na gaske, a cikin gida. A 1984, a garin The Dalles na jihar Oregon, mabiyan wani shugaban ɗariƙa Ba'indiye, Rajneesh, suka zuba ƙwayoyin cutar salmonela a kayan salak na gidajen abinci goma. Mutum 751 suka kwanta. Manufarsu su rage masu fita zaɓen ƙaramar hukuma. Sai da aka shekara kafin a gane da gangan ne.

18/ Duk da haka majalisa ba ta yi dokar sallama ba. Sai 2001.

19/ Mako guda bayan harin 11 ga Satumba, aka fara aika wasiƙu ɗauke da garin ƙwayar antaraks, cutar da makiyaya ke kira saifa. An aika wa gidajen jarida, an aika wa sanatoci biyu, Tom Daschle da Patrick Leahy. Mutum 5 suka mutu, 17 suka kamu, cikin mamatan har da ma'aikatan gidan waya biyu. Ginin ofisoshin sanatoci sai da aka rufe shi wata uku.

20/ Wato guba ta shiga ofishin masu yin dokar kansu. Kun san in wuta ta kama gemun mai gida, ba a jiran taron unguwa. Tambayar da kowa ke yi a Washington ita ce: in an iya ta ambulan, ta kwantenar abinci fa?

21/ Ranar 12 ga Yuni 2002 George W. Bush ya sa hannu a dokar kariya daga ta'addanci da ƙwayoyin cuta. Ɓangaren abinci ƙafa huɗu gare shi. Duk masana'anta ko rumbun da ke sarrafa ko ajiye abincin da za a ci a Amurka, ko a wace ƙasa yake, ya yi rajista. A ajiye bayanin wanda aka saya a wurinsa da wanda aka sayar wa. FDA ta samu ikon tsare kaya. Sai sashe na 307, sallamarmu.

22/ Ɗan tsokaci. Shekaru bayan haka, FBI ta ɗora alhakin wasiƙun a kan wani masanin kimiyya da ke aiki a ɗakin binciken sojan Amurka na Fort Detrick. Ya mutu a 2008 kafin a gurfanar da shi, kuma akwai masu tantama. Ko ma dai yaya, garin na cikin gida ne, kamar yadda na Oregon ya kasance na cikin gida. Amma ƙofar waje aka ƙara wa sakata.

23/ Majalisa ta ba FDA wata 18 ta rubuta ƙa'idojin, ta kuma ɗana mata tarko: in ranar 12 ga Disamba 2003 ta zo babu ƙa'ida, dokar za ta fara aiki da kanta, awa 8 ga kowa, mota ko jirgi.

24/ A Fabrairu 2003 FDA ta fito da daftarinta. Ta ce a sanar da ita kafin ƙarfe 12 na ranar jajiberin isowar kaya. Nan fa aka yi caa.

25/ Ga mai jirgin ruwa wannan ba komai ba ne, yana da makonni a teku. Amma ku ɗauki masunci a gabashin Kanada. Ya fito da kifi da asuba, da hantsi mai saye a Boston ya kira, da yamma mota na kan iyaka. Yaya zai sanar jiya da rana da kifin da ke cikin ruwa jiya da rana? Haka mai tumatir a Meziko da ke bi ta Nogales. Haka masana'antar da ke Windsor, wadda gada ɗaya ce tsakaninta da Detroit.

26/ Kanada da Meziko su ne manyan masu kai wa Amurka abinci, kuma mafi yawa ta mota ne. Gwamnatoci suka rubuta ƙorafi, ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka rubuta, masu manyan motoci suka ce iyaka za ta cushe. Su kansu manyan kantunan Amurka ba su so ba, don kayan gwarinsu ne zai yi yaushi a layi.

27/ Ranar 10 ga Oktoba 2003 aka fitar da ƙa'idar wucin gadi, a nan ne 2, 4 da 8 suka bayyana. Ku lura da wanda ya fi samun sauƙi: maƙwabci mai mota, wanda ya fi kowa ƙarfin murya a wajen rubuta ƙorafi. Mu da ke nesa, abin da aka yanka aka miƙo mana shi muka karɓa.

28/ Don wannan aiki aka buɗe wata cibiya a jihar Virginia, kusa da Washington, a wuri ɗaya da cibiyar hukumar kwastan mai tantance kaya da matafiya masu haɗari. Awa 24, kwana 7, ba hutu. FDA ta yi hasashen sanarwa kusan 25,000 kowace rana.

29/ Ba wai mutum ke karanta kowace ɗaya ba. Kwamfuta ke tacewa, ta gwada sunaye da bayanan tsaro da tarihin mai kaya, ta ware waɗanda ɗan Adam zai duba. Awannin nan 2, 4, 8, lokacin da ake buƙata ke nan a yanke shawara ko a tura jami'i ya tari kayan a tasha.

30/ Ranar farawa, 12 ga Disamba 2003, ta faɗo daidai lokacin aika kyautar Kirsimeti. Kaka a Jamus ko Japan ta sayi cakulan za ta aika wa jika, a gidan waya a ce mata sai ta kawo lambar FDA. An sha dariya, an sha fushi. Watanni takwas na farko hukumar ta fi ba da ƙarfi ga wayar da kai, daga baya ta fara mayar da kaya da gaske.

31/ Wannan ya kawo mu wa dokar ta ɗaga wa ƙafa. Abincin da matafiyi ya ɗauko a jakarsa don kansa ko iyalinsa, ba ruwansa da sallama, sai dai dole ya bayyana shi ga kwastan a filin jirgi. Abincin da mutum ya yi da hannunsa a gidansa ya aika wa wani kyauta, shi ma ya fita. Jakar diflomasiyya ta fita.

32/ Wato Hajiya ta yi dubulan da alkaki a gida ta aika wa ɗanta ɗalibi, babu laifi ta wannan fuskar. Hajiya ta yi dubulan ɗin nan a wannan kicin ɗin, wata ta turo kuɗi ta saya, an shiga kasuwanci, sai da sallama. Kuɗin ne ya canza hukuncin.

33/ Wanda kuma ya sayi kaya a kasuwa ya aika kyauta, mutum zuwa mutum, a rubuce dokar ta hau kansa, amma FDA ta ce galibi ba za ta bi ta kansa ba. Sassauci ne, ba 'yanci ba. Kamfanin aike na iya cewa shi dai sai da lamba, kuma ba ka da ta cewa.

34/ Samfuri fa? Kana da mai saye a New Jersey, ya ce turo kilo biyu na zoɓo in gani. Abinci ne, kasuwanci ne, sai da sallama, ko da kyauta ka ba shi. A nan da yawa ke faɗuwa tun kafin a fara ciniki.

35/ "Abinci" a wajensu faffaɗa ne. Goro abinci ne. Cingam abinci ne. Ruwan gora, garin zogale a kwanso, abincin kaji, duk suna ciki. Kayan da za su ratsa ta cikin Amurka zuwa Kanada su ma sai an sanar.

36/ Kilishi kuwa maganarsa daban. Nama da kaji na hannun ma'aikatar gona ne, USDA, kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka amince su kai nama. Babu lambar sallamar da za ta shigar da shi. Tarwaɗa ma an mayar da ita hannun USDA, kuma tun Maris 2018 aka rufe wa bandar tarwaɗar Najeriya ƙofa, saboda gwamnati ba ta cika takardun da aka nema kan tsarin duba kifi ba.

37/ Me ake cikewa a sanarwar? Sunan mai sanarwa. Menene kayan, da lambar rukuninsa a tsarin FDA. Yawansa. Wa ya sarrafa, da lambar rajistarsa. Manomi, in an san shi. Ƙasar da aka noma, ƙasar da aka yi lodi. Mai ɗauka, tashar da za a sauka, rana da lokaci. Mai shigowa da shi, mai shi, da wanda zai karɓa a ƙarshe.

38/ Kuma kowane kaya da tasa sanarwar. Kwali ɗaya ne, amma akwai kuka, kuɓewa busasshiya da daddawa, sanarwa uku ke nan. Garin kuka ɗaya ne amma akwai na rabin kilo da na kilo biyar, biyu ke nan. Citta iri ɗaya daga masu sarrafawa biyu, biyu ke nan.

39/ Layin da ya fi kayar da namu shi ne "wa ya sarrafa". Ku duba yadda riɗi ke tafiya: daga ƙananan gonaki a Jigawa ko Binuwai, ɗan kwamisho ya tara a kasuwar ƙauye, a kawo Dawanau, a gauraya, a tankaɗe, a zuba a buhu. Gona ba ta buƙatar rajista. Amma rumbun da aka gyara aka ɗura a buhu yana buƙata, kuma sai ya naɗa wakili mazaunin Amurka da FDA za ta riƙa tuntuɓa.

40/ In rumbun bai yi rajista ba, ko ya yi ta mutu, kaya za su tsaya a tasha ko da sanarwar ta isa a kan lokaci. Rajistar ana sabunta ta duk shekara biyu, a shekarar da ta ƙare da lamba mai rabuwa biyu, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Disamba. Wanda ya manta, a Janairu zai ji a jikinsa.

41/ Rajistar kyauta ce a shafin FDA. Sanarwar ma kyauta ce ta shafinsu mai suna PNSI, ko dillalin kwastan ya shigar ta tsarin kwastan. Wakili da dillali ne ke cajin ladan aikinsu. Kuma don Allah, FDA ba ta ba abinci takardar amincewa. Duk wanda ya sayar maka da satifiket mai zanen zinare ya ce ka zama "amintaccen FDA", takardar kamfaninsa ce kawai.

42/ Haka lambar tabbaci da ake ba ka bayan ka sanar. Ma'anarta an ji sallamarka. Ba a ce shigo ba tukuna. Bayan ta ne ake duba ko kayan sun cancanci shiga: lakabi, ƙwari, maganin feshi, salmonela, da sauransu.

43/ Mu koma tarihi. A Disamba 2004, sakataren lafiya Tommy Thompson, wanda a ƙarƙashinsa aka rubuta duk wannan, yana sanar da ajiye aiki, ya faɗa a gaban 'yan jarida cewa shi ya kasa gane dalilin da ya sa 'yan ta'adda ba su kai hari ta abinci ba, don abin da sauƙi yake. Mai ginin ke nan yana cewa katanga gajera ce.

44/ Abin da ya biyo baya kuwa ba 'yan ta'adda ba ne, 'yan kasuwa ne masu haɗama. A 2007 karnuka da kyanwoyi suka riƙa mutuwa a Amurka. Aka bi sawu har zuwa wani garin alkama daga China da aka zuba wa melamin, sinadarin yin roba, don gwaji ya nuna kamar yana da furotin da yawa. A 2008 irin wannan algus a madarar jarirai ya kwantar da yara kusan 300,000 a China.

45/ A 2008 ɗin dai, salmonela ta kama mutum kusan 1,500 a Amurka. Makonni ana zargin tumatir, manomansa suka tafka asara, ashe barkono ne daga Meziko. Kusan labarin inabin Chile ne ya sake dawowa, sai dai wannan karon an iya bin sawu har gona.

46/ A tsakiyar wannan aka kammala ƙa'idar dindindin, Nuwamba 2008, ta fara aiki Mayu 2009. Sannan ranar 4 ga Janairu 2011 Obama ya sa hannu a dokar sabunta tsaron abinci, FSMA. Ta ƙara wa sallama tambaya ɗaya tak: akwai ƙasar da ta taɓa ƙin karɓar waɗannan kayan? Faɗi sunanta.

47/ Dalili shi ne wata tsohuwar dabara. An kori kwantena a Rotterdam, maimakon a mayar gida sai a juya ta wata ƙasa a gwada sa'a. Daga Yuli 2011 ɓoye wannan ya zama laifi a kan kansa.

48/ Mu wannan ya shafe mu kai tsaye. A Yuni 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan an kama shi sau sama da 50 cikin shekara biyu da rabi ɗauke da maganin ƙwari diklobos, wanda muka sani da fiya-fiya. Aka yi ta tsawaita haramcin. Turai ma tana da tata sallamar ta tsarin TRACES, kwana ɗaya na aiki kafin isowa, ga kayan da ta sa wa ido, kuma riɗin Najeriya na cikinsu saboda salmonela.

49/ To ta yi amfani? A ra'ayina, a matsayin garkuwa daga ta'addanci babu mai iya aunawa, tunda mai niyyar sharri ba zai rubuta niyyarsa a fom ba. Amma a matsayin kundin wa ya aiko me daga ina, ta sauya aikin. Yau in matsala ta taso, ana iya sa wa kamfani ɗaya ko yanki ɗaya takunkumi a bar sauran su wuce. Wannan ne abin da Chile ta rasa a 1989.

50/ Iyakarta kuma a bayyane take. A 2023 aka samu dalma a cikin markaɗaɗɗen tuffa na yara mai kirfa da aka shigo da shi daga Ekwado, ɗaruruwan yara suka nuna dalma a jini. Ba a bakin tasha aka gano ba. Jami'an lafiya a North Carolina ne suka bi sawu daga gwajin jinin yara. Fom ba ya ɗanɗana abinci.

51/ Kuma ba za su iya komawa duba komai ba. A 2019 FDA da kanta ta ce kusan kashi 15 cikin 100 na abincin Amurka daga waje yake, daga ƙasashe da yankuna sama da 200. Kifi da dangoginsa kashi 94, ɗanyun 'ya'yan itatuwa kashi 55. Wanda ake buɗewa a duba da ido ƙalilan ne.

52/ Inda nake ganin rashin adalci shi ne nauyin bai faɗa daidai ba. Babban kamfani yana da dillali da kwamfuta mai cike fom da kanta. Mai kwali uku daga Kano shi ne zai zauna da wayarsa yana neman lambar rukunin daddawa. Dokar AGOA ta 2000 ta yafe wa kayan Afirka da yawa haraji, amma ba ta yafe ko layi ɗaya na wannan ba.

53/ In ba a yi sallamar ba, ko an yi ta a makare, ko da kuskure? A hana kayan shiga, a ajiye su a tasha ko a rumbun da kwastan ta amince da shi, kuɗin ajiya a wuyanka, ba a miƙa wa mai saye. Kana iya gyarawa ka sake sanarwa, ko ka fitar da kayanka. Na gidan waya ana riƙe shi awa 72, in akwai adireshin mai aikowa a mayar, in babu a lalata.

54/ Bayan ka sanar, in jirgi ya makara ko yawan kaya ya ɗan canza, ba sai ka sake ba. In ainihin kayan ne ya canza, ko mai sarrafawa, sai ka soke ka yi sabuwa, agogo ya faro daga farko.

55/ Na ƙarshe, wanda ke kama masu zumuɗi. Yin sallama da wuri fiye da kima ma kuskure ne. Ta PNSI ba a karɓar wadda ta wuce kwana 15 kafin isowa, ta tsarin kwastan kwana 30. Jirgin da ya tashi daga Apapa yakan yi makonni, musamman in an sauya masa jirgi a wata tasha a hanya. Don haka ba ranar lodi ake yi ba. A bi jirgin a intanet, in ya kusa a shigar, a tura wa dillali lambar.

56/ Nan zan tsaya. Mai tambaya kan rajistar rumbu ko maganar wakili ya ajiye a ƙasa, in sun taru mu yi musu zare nasu daban.